Rijiyar da Nunziata Ta Toshe

Sunana Clarrie, amma Nunziata ba ta taɓa kirana da shi ba. Tun ranar da na shiga gonar mijinta Saverio da motar haƙa, a filayen lambun da ke arewa da birnin Adelaide, ta laƙaba mini Ɗan Mishan, don ta ga ina wanke hannu da sabulu kafin in karɓi kofi, kuma kowace sifana sai na mayar da ita mazauninta. Haka aka hore mu a makarantar mishan, ban kuma yi da-na-sani ba.

Ni na haƙa musu rijiyar burtsatse. Ruwan da ke ƙarƙashin ƙasar nan hawa biyu ne. Na sama zartsi ne, ko tunkiya ba ta sha. Ƙarƙashinsa yumɓu mai kauri, sannan ruwa mai daɗi wanda duk masu lambun yankin ke zuƙa. Bututun ƙarfe ne ke ratsa na saman ya isa na ƙasan, ba tare da sun gauraya ba. Ranar da ruwan ya ɓullo, Saverio ya tara hularsa ya sha, Nunziata kuwa, tana amarya sabuwar zuwa daga yankinsu na Kalabriya, can ƙetaren teku, ta dafa taliya da shi nan take. A zamanin nan ƙamshin ganyen tumatir har bakin titi yake tarar mutum. Ƙanen Saverio, Carmelo, gonarsa na jingine da tasu, shi ma aka ja masa reshe daga rijiyar.

Shekaru suka tura, Saverio ya rasu, gona ta koma hannun Nunziata. Sai ga bututu mai launin shunayya an shimfiɗo daga birni, ɗauke da ruwan da aka yi amfani da shi a gidaje aka tace. Maƙwabta da yawa suka karɓa. Carmelo ya rantse ba zai shayar da tumatirinsa da ruwan masai ba.

Ko wanne ruwa mutum ya zaɓa, akwai gishiri a ciki, kuma rumfar ledar da ake shuka a cikinta ba ta barin ruwan sama ya wanke ƙasa. Don haka kowa, in an cire amfani, sai ya saki ruwa ya malale rumfar, farin gishirin ya nutse. Sukan ce abin da ya nutse ya tafi. Bai tafi ba. Ruwan zartsin nan na hawan sama yake tararwa a ƙarƙashin ƙasa, ya ƙara masa zartsi.

Wata safiya Nunziata ta aiko in zo. Ta ajiye mini kofi. Na kurɓa, na ajiye.

"To, Ɗan Mishan, an ce ku ba kwa ƙarya. Ya ka ji?"

"Da gishiri, uwar gida."

"Ni ban zuba ba. Tashi ka je ka tambayi rijiyarka."

Na kashe famfo, na kara kunnena a bututu. Rijiya lafiyayya shiru take yi. Wannan kuwa tana tsiyaya can ciki, kamar an bar tulu mai huda a ɗaka. Tsatsa ta cinye ƙarfen daidai inda ya ratsa ruwan hawan sama, zartsin yana gangarawa cikin ruwa mai daɗi dare da rana. Na gaya mata yadda abin yake: bututun ya wuce gyara, kuma ba ruwanta kaɗai yake ɓatawa ba, har da na duk wanda ke da rijiya a kusa. Magani ɗaya ne, a cika ramin da siminti.

Carmelo na jin haka ya tsallako shinge, ko takalmi bai ɗaure ba.

"Matar yaya, kin haukace? Wa ya sani ban da mu uku? Ki ƙara sukari a kofin mana!"

"Kai ma sukari za ka riƙa zuba wa tumatir?"

"Rijiyar ɗan'uwana ce! Da hularsa ya sha ruwanta!"

"Na sani, ni na wanke hular. Saverio rijiya ya haƙa, bai haƙa magudanar gishiri ba."

Carmelo ya juyo kaina. "Kai kuma, tsohon banza, kai ka sa ruɓaɓɓen ƙarfe, yanzu ka zo kana wa'azi."

"Ƙarfen ya riga gashin kanka zubewa ne kawai," in ji Nunziata. "Bar Ɗan Mishan. Da ni kake magana."

Aka yi mata taron dangi bayan coci. Aka ce ta tozarta mamaci, aka ce za ta jefa gidan Carmelo cikin ruwan ƙazanta. Matar Carmelo ta daina amsa gaisuwarta. Ita dai da ƙafarta ta je ofishin ruwa ta faɗi abin da ke faruwa, ta nemi izinin toshewa. Ranar da muka zuba simintin, ta tsaya a bakin ramin da baƙar rigarta har aka gama. Ta miƙo mini tsohuwar hular Saverio ta ce in danna ta a saman kafin ya bushe. Na danna.

Ba zan ce ruwan bututun shunayya da ta koma wa ya zo mata da sauƙi ba. Gishirinsa ya fi na rijiyar a da. Shekarar farko bakin ganyen tumatir ya ƙone, lemun tsamin da ke ƙofar ɗakinta ya mutu. Amma ta ƙi malale rumfa kamar sauran. Da sanyi ya shigo, wanda a ƙasar nan shi ne lokacin ruwan sama, sai ta yaye ledar rufin gaba ɗaya, ta bar ƙasa tana shan ruwan Allah, ko da hakan ya sa ta rasa shukar sanyi. Ta yi kwata ta tara ruwan rufin shagon ajiye kayan gona tana surkawa. Taki ma ta rage, don ruwan birnin da nasa takin yake zuwa. Carmelo, da ya rasa reshensa, dole ya ja bututun shunayya, amma ya binne shi ta bayan shago don kada a gani daga titi.

Ƙarshen zafi dangin nan sukan taru a gidan Carmelo su dafa miyar tumatir ta shekara, a ɗura a kwalabe, a tafasa cikin duro. Nunziata ta tura baronta cike da tumatir har ƙofarsa. Ya tare hanya.

"Ba a zuba tumatirin masai a tukunyarmu."

"Naka fa? Da ruwan baftisma kake shayar da su? Ai ina jin bututunka yana tari ta bayan shago."

Mata suka ƙyalƙyale da dariya, suka toshe baki. Carmelo bai kauce ba. Ita ma ba ta roƙa ba. Ta juya baron, ta ce in ɗauko mata duro. A kan simintin rijiyar ta jera duwatsun murhu, gefen hular, ta hura wuta. Hayaƙin ya miƙe ya tsallaka shinge.

Kafin rana ta take, jikar Carmelo ta haihuwar fari ta shigo da kwandon kwalabe, bayanta surukarsa Graziella. Nunziata ba ta ɗaga kai ba.

"A wanke su tukuna," in ji ta. "Ɗan Mishan, nuna musu inda sabulu yake."

Carmelo bai sake tako gonar ba har Nunziata ta rasu. Ni kuwa nakan bi ta wurin in kara kunne a simintin, don sabo. Shiru nake ji.