Na Rufa Wa Abokina Asiri Har Afuwa Ta Wuce Shi

A lokacin da wannan abu ya faru ina aiki a wani shagon kargo da ke unguwar Al Sabkha a Dubai, ina auna kayan 'yan kasuwa, ina naɗe kwalaye, ina rubuta garin da za a sauke su. Ban yi aure ba, shekaruna sun ɗan haura talatin, kuma idan na tashi daga aiki ba ni da wata sha'awa sai gem, wato wasan bidiyo. Muna zaune a Al Nahda, a wani fulat da aka yanyanka da katako aka fitar da ƙananan ɗakuna. Hayar tana da sunan wani dattijo Bakano, direban motar kaya, wanda duk muke kira Baba. Ɗakina kuwa mu biyu ne a ciki, ni da wani yaro ɗan zangon Kumasi, wanda na girma da 'yan shekaru. Yaya yake ce mini. Yana aiki a wani sito na kayan gyaran mota a Ras Al Khor, mutum ne mai fara'a, mai tsabta, wanda ba ya cin abinci bai ce a zo a ci ba. A kansa na rubuto, kuma ba zan ambaci sunansa ko na wani ba.

Na'urar gem ɗin tawa ce, na saya da albashina. Wasan da muka fi yi shi ne irin wanda ake sakin mutum a cikin wani ƙaton birni na ƙirƙira, ya tafi duk inda ya ga dama. Yana iya fizge mota a kan titi, ya yi fashi a banki, 'yan sanda su biyo shi da jiniya, ya shige ƙarƙashin gada ya ɗan lafe, su manta da shi su koma. Idan aka haɗa da intanet, mutum yana tara dukiya a cikin wasan, ya sayi gidaje da motoci da jirage, sauran masu wasa su gani. Ni na koya wa abokina. Da farko ko miƙe titi ba ya iyawa, sai ya riƙa buge turakun fitila, ina yi masa tsiya cewa da a Kumasi ne da tuni fasinja sun sauke shi sun yi masa duka. Shi kuma ya ce Bakano bai isa ya koya wa kowa tuƙi ba, tunda mu a wajenmu fitilar kan hanya ado ce. Kafin a jima ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba.

Sai aikinsa ya lalace. Kamfanin ya rage ma'aikata, aka soke masa biza. Ga wanda bai san dokar ƙasar nan ba, idan aka soke wa mutum biza ana ba shi ɗan wa'adi ya samu wani aikin ko ya fita. Idan wa'adin ya cika yana nan, ya zama mai zaman da ya saɓa doka, tara tana hawa kansa kullum, kuma ko ina aka tare shi aka nemi katinsa ya shiga hannu. Makonnin farko ya yi ta yawon neman aiki, yana dawowa rigarsa sharkaf da gumi. Daga baya fitar ta ragu. Wata rana na lura takalminsa na fita yana nan inda na gan shi jiya, da ƙura a kai. Na gane wa'adin ya cika, amma ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Haka aka rene mu: namiji idan ya shiga wani hali ba a tsare shi da tambaya, ana rufa masa asiri ne. Na ci gaba da biyan kuɗin ɗaki ni kaɗai, ina sayo abinci na mutum biyu, idan zan fita da safe na ce masa ga gem nan ya ɗebe kewa.

Akwai wani ɓangare da ya kamata in faɗa dalla-dalla, domin shi ne ya fi yi mini nauyi. Da sunana yake wasan. Duk yinin da nake Al Sabkha ina fama da kwalaye, shi yana cikin wancan birni yana tara mini dukiya. Ina dawowa zai tare ni da albishir, ya ce Yaya yau ya sayo mini gida a kan tsauni, ko ya ƙaro mini mota ta tsere, ko ya kammala wani fashi da ya gagare ni wata guda. Abokan wasana na intanet suka fara tambayata yadda nake yi. Na ji daɗin hakan, kuma jin daɗin ya sa zamansa a ɗaki ya daina damuna. Mutumin da ba ya iya sauka ƙasan bene ya sayi burodi don tsoron a tambaye shi kati, shi ne yake ratsa birni guda da gudu ɗari da wani abu, 'yan sanda na binsa yana dariya. Ya taɓa gaya mini cewa nan ne kaɗai wurin da yake fita ba tare da ƙirjinsa yana bugawa ba. Na ji maganar, na ɗauke ta a matsayin yabon wasan.

Mahaifiyarsa takan kira shi ta bidiyo duk ƙarshen mako. Kafin ya ɗauka sai ya zura tsohuwar rigarsa ta aiki mai tambarin kamfani, ya zauna inda bango kawai za a gani. Wani lokaci ya miƙo mini wayar in gaishe ta. Mma nake ce mata, kamar yadda yake faɗa. Takan tambaye ni ko ɗanta yana cin abinci, ko ba a wahalar da shi a wurin aiki, ni kuma in ce lafiya lau yake, aiki ne kawai ya yi yawa. Sai ta yi ta sa mini albarka, ta ce ta bar mini amanarsa tunda ni ne babba.

Ranar da nake so masu karatu su riƙe wata Lahadi ce, bayan la'asar, mu uku a ɗakin: ni, da shi, da Baba. Baba ya shigo bai ko zauna ba, ya ce a kashe wannan shirmen yana da magana. Ya ce hukuma ta buɗe afuwa ga masu zaman da ya wuce ƙa'ida. Duk wanda ya kai kansa za a yafe masa tara, ya tafi gida ba tare da an hana shi dawowa ba, wanda kuma ya samu mai ɗaukarsa aiki ana iya gyara masa zama yana nan. Ya kalli abokina ya ce ɗan nan wannan dama ce daga Allah, gobe da safe shi da kansa zai kai shi a motarsa, yalla, babu wani jira. Sannan ya juyo gare ni ya ce ni kuma, tunda shagonmu kullum cikin neman masu ɗaura kaya yake, in yi wa maigidana magana.

Abokina bai ajiye hannun gem ɗin ba, wato abin da ake riƙewa ana dannawa. Ya ce Baba ya yi haƙuri, zai je, amma ba gobe ba, ai an ba da watanni. Daga nan ya mai da abin raha. A lokacin duk masu wasa ana ta zancen sabon kashi na wannan wasa da aka ce yana tafe, an saki ɗan tallansa, mun kalle shi ya fi a ƙirga. Ya ce shi ba zai bar Dubai ba sai ya taɓa sabon da hannunsa, domin idan ya koma Kumasi ba shi da na'ura, kuma ko yana da ita wuta ba za ta bari ba. Baba ya ce masa kai dai ka cika sakarai, mutum yana cikin rami yana zancen majigi. Ni kuma, wanda ya kamata in mara wa Baba baya, sai na yi dariya, na ce a bar yaro ya huta, akwai lokaci, ni zan lura da maganar. Baba ya dube ni ya ce to ya sa ni shaida, khalas, wato shi ke nan, ya fita.

Na san ba sabon wasa ne ya riƙe shi ba. Kunya ce. Ƙannensa sun gama gaya wa unguwa yayansu yana Dubai, shi kuma ba shi da abin da zai shiga gida da shi sai jakar da ya zo da ita. Zancen wasan ya ba shi abin faɗa ne kawai, ni kuma ya ba ni hujjar yin shiru. Maganar maigidana ma haka na yi ta ɗaga ta. Yau in ce ransa a ɓace yake, gobe in ce kasuwa ba ta yi ba, jibi in ce ai abokina bai roƙe ni da bakinsa ba, kada in zubar masa da mutunci. Aka ƙara wa'adin afuwar, na ce ka ga, dama na faɗa akwai lokaci. Baba ya tuna mini sau biyu a bakin lif ɗin hawa bene, na ce ina kai. Haka wa'adin ya ƙare yana ɗaki.

Bayan rufe afuwa sai bincike ya tsananta, kamar yadda aka sanar tun farko. Abokina ya rame, ya daina tsokanata, yana wasa ne kamar mai aikin dole. Da labari ya fito cewa kamfanin da ke haɗa sabon wasan ya ɗage ranar fitarsa, ni na kawo masa labarin ina ta mita. Sai ya ce Yaya ashe shi kansa aka ɗage, ba wasan ba. Ko a ranar ban zaunar da shi mun yi maganar gaskiya ba.

Abin da ya fitar da shi daga ɗaki ƙarami ne. Hannun gem ɗin ya lalace, sandar da ake juya mota da ita ta riƙa karkata gefe guda. Na ce zan sayo wani ranar Asabar. Bai iya jira ba, kuma ina jin yana ganin shi ya lalata mini kaya. Da hantsi ya ɗauki 'yan kuɗin cefane da na bari, ya hau bas zuwa Deira, inda ake sayar da irin waɗannan kaya da sauƙi. A kusa da tashar bas ta Al Sabkha jami'ai suka tare mutane suna duba kati. Tsakanin wurin da shagonmu bai kai tafiyar minti biyar ba. Ina ciki ina naɗe kwali, wani ɗan dako ya shigo yana ba da labarin an kwashe mutane a tasha, na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da aikina. Sai da na koma gida na tarar da ɗaki babu kowa.

Bayan kwanaki ya samu damar kirana daga inda ake tsare da shi. Bai zarge ni da komai ba. Ya ce ba a wulaƙanta shi ba, ana ba su abinci, in haɗa masa kayansa, in kuma yafe masa kuɗin cefanen. Ya roƙe ni abu ɗaya, in kira Mma in gaya mata da bakina, domin shi ba zai iya ba. Na kira ta. Ta saurare ni har na gama, sannan ta tambaye ni tun yaushe ne ba ya aiki. Da na faɗa mata, sai ta ce ashe duk gaisuwar da muke yi na sani. Ta ce da an gaya mata, da ita da kanta za ta ce ya dawo, ɗanta take so, ba Dubai ba. Ba ta ɗaga murya ba. Washegari na nemi izinin fita daga maigidana don in kai kayan, dole na ba shi labari. Ya tambaye ni me ya hana ni magana lokacin afuwa, alhali a gabana ya ɗauki masu ɗaura kaya biyu ya yi musu biza. Ya ce wanda na tsaya masa ai ba zai ƙi shi ba. Na karɓi izinin, na tafi kai kayan.

Ba zan ɗora wa wasan laifi ba. Mutane da yawa suna yin sa su tashi su tafi aikinsu, kuma ga wanda ke zaune a ɗan ɗakin katako nesa da danginsa, yana rage kaɗaici ƙwarai. Abin da na koya shi ne irin wannan wasa an gina shi ne yadda kullum akwai abin da mutum bai gama ba, kullum kuma akwai sabo da ake cewa yana tafe, don haka yana da sauƙi mai gudun wata matsala ya fake a ciki har watanni su wuce. Na kuma koyi cewa rufin asirin da muke alfahari da shi yana da iyaka. Ciyar da ɗan'uwa da biya masa ɗaki alheri ne, amma idan takardarsa tana mutuwa a gabanka kana kallo, shirun ya daina zama kara. Ina kira ga 'yan'uwana da ke zaune ɗaki ɗaya da wani a ƙasar nan ko wata ƙasa: idan ka ga ya daina fita, ka tambaye shi ranar da bizarsa ta ƙare, ko da zai ji haushinka. Kada ka yi wa iyayensa ƙarya a madadinsa. Idan dama ta zo, ka kama hannunsa ku tafi a ranar, ka kashe na'urar idan ta kama.

An tsare shi 'yan makonni, aka ɗauki hoton ƙwayar idonsa da zanen yatsunsa, aka sa shi a jirgi zuwa Accra. Yanzu yana taya wani kawunsa sayar da kayan gyaran mota a Kumasi, kuma sunansa yana cikin waɗanda aka hana sake shigowa ƙasar nan.