Finjalin da Inna ta Cika

Surukata ba ta taɓa shan ko ruwa a gidana ba. Tun da na auri ɗanta muka kama haya a unguwar Kudai a nan Makka, in ta zo a bakin ƙofa take tsayawa, ta ɗauki jikanta ta sumbace shi, ta ce mota na jiranta a ƙasa. Ba ta taɓa zagina ba, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi, don ni faɗa na iya shi. Abin da ban iya ɗauka ba shi ne a dube ni kamar kujerar da aka ajiye ba a wurinta ba.

Laifina ɗaya ne, ba a Makka aka haife ni ba. Ita ma Bahaushiya ce, iyayenta ne suka zo aikin hajji ta Sudan suka zauna, amma Larabci ya fi zama a bakinta, kuma ta riga ta zaɓar wa ɗanta wata yarinya a unguwarsu ta Utaibiyya. Shi kuwa ya je sayen turare shagon yayana a Misfala ya gan ni, 'yar Sakkwato da Larabcinta bai wuce na gaisuwa ba. Ammati nake kiranta, kamar yadda matan 'ya'ya suke kiran uwar miji a nan. Tana amsawa, amma ba ta taɓa kallona tana amsawar ba.

Shekarar da Inna, mahaifiyata, ta zo Umra a goman ƙarshe na azumi ta sauka a wurinmu, mijina ya shigo ana jibi Sallah ya ce Ammati za ta zo gaishe ta bayan an sauko daga Idi, ita da babbar 'yarta.

Na ce, "A ƙofa za ta tsaya?"

Ya ce, "Ta ce za ta sha gahawa."

A gidansu wanda ya zauna ya sha gahawarka ranar Sallah ya ɗauke ka nasa ke nan. Na kuma san halin matar. In ta tashi daga falona da fushi, ba za ta sake hawo benen nan ba.

Gahawa a garin nan tana da dokokinta, kuma na koye su ne ta hanyar zura ido a gidan Ammati, don ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini. Mai zubawa a tsaye take. Dalla, wato butar gahawar, a hannun hagu, finjali a hannun dama. Da babba ake farawa. Ɗan kaɗan ake zubawa, abin da zai rufe gindin finjalin kawai, don finjalin ba shi da mariƙi, kuma don baƙo ya yi ta miƙowa ana ƙara masa, zaman ya yi tsawo. Cika finjali har baki kuwa magana ce da kowane yaro ya san fassararta: sha ka kama hanya. Ban da wannan, gidansu suna da tasu al'adar ta Sallah. Ba mai kai finjali baki sai wadda ta fi kowa girma a ɗakin ta ɗaga nata ta yi gaisuwar Idi, an amsa mata.

Ban gaya wa Inna ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ban ga dalili ba. Baƙuwa ce, nata zama ne da karɓa.

Da asuba na dafa gahawar, na ɗanɗana, na zubar, na sake dafa wata. Na jera dabino, na jera cuku da zaitun, ga dibyaza, haɗin busassun 'ya'yan itace da ake ci da safiyar Sallah, wadda na kwana biyu ina fama da ita. Inna tana zaune cikin sabuwar atamfarta tana kallona, tana cewa ita ba ta taɓa ganin Sallar da ba tuwo ba miya ba.

Suka iso hantsi bai gama ɗagawa ba. Mijina ya raka su har falo ya fice, ya bar mu mata zalla. Ammati ta cire abaya, abin da ba ta taɓa yi a gidana ba, ta zauna. Suka gaisa da Inna, gaisuwa mai tsawo daga ɓangaren Inna, gajera daga nata. 'Yar tata ta zauna a bakin kujera, jakarta a kan cinya, tana bin labulena da ido.

Na shigo da dalla a hagu. Na zuba daidai, ɗan kaɗan, yadda ake so. Na matsa zan miƙa wa Ammati ke nan, sai Inna ta leƙa cikin finjalin.

"Ke! Mi kika yi hakanga? Magani na kika ba ta?"

Kafin in buɗe baki ta miƙe, ta karɓe finjalin, ta fizge dallar da hannun dama, ta tsiyaya har gahawar ta zo baki tana rawa. Ta ajiye dallar, ta rusuna, ta miƙa wa Ammati da hannu biyu, fuskarta cike da fara'a.

Ammati ta karɓa. Ban san ko ladabi ne ya sa ta karɓa ko mamaki ba.

Inna ba ta tsaya nan ba. Ta cika wa 'yar Ammati nata, ta cika wa kanta, ta ɗaga finjalinta sama, ta soma addu'a. Gaisuwar da Ammati ce take da hakkin yi, ita ma Inna ta karɓe.

"Allah shi maimaita muna. Allah shi karɓi azuminmu da tsayuwarmu. Allah shi jiƙan magabatanmu da naku. Allah shi raya muna zuri'a, shi bar zumunci..."

Wanda ya san Inna ya san addu'arta ba ta da gajera. Ta bi matattu, ta bi rayayyu, ta bi matafiya da marasa lafiya. Ni kuwa idona yana kan yatsun Ammati. Gahawar daga wuta take, finjalin cike, ba inda za a riƙe. Na ga ta sauya shi daga yatsa zuwa yatsa. Na ga ɗigo ya gangaro ya sauka a kan rigar Sallarta. Ba ta ajiye ba, ba ta kuma ce amin ba.

'Yarta ta dire nata finjalin a kan faranti da ƙarfi, ta rataya jaka, ta ce da Larabci, "Tashi mu tafi, Ummi. An ce mu sha mu kama hanya."

Inna ba ta jin Larabci. Ta ɗan dakata, ta dube ni tana murmushi, tana jiran in fassara mata.

Hanya ɗaya ce ta gyara abin, na kuma san ta. In ce da Hausa, kowa yana ji, Inna ba a cikawa, kin yi kuskure, ki ba su haƙuri. Da na faɗi haka da Ammati ta huce. Amma sai in tsaya a gaban surukai in nuna wa matar da ta haife ni cewa ba ta san yadda ake ba baƙo abin sha ba, ita da baƙo bai taɓa fita gidanta da yunwa ba. Bakina ya ƙi. Maimakon haka zuciyar nan tawa ta taso, na juya ga 'yar na ce da Larabcina mai gargada, "Uwata ba ta kori kowa ba. A garinmu haka ake girmama mutum. Wanda ya ga kora a ciki, ga ƙofa nan."

Ina rufe baki na ce a raina shi ke nan, na kashe maganar da hannuna.

Inna ta ga fuskoki sun sauya, ta fassara abin yadda ta fahimta. Ta juya ga Ammati ta sassauta murya.

"Hajiya, ki yi haƙuri da ɗiyag ga. Ba haka munka rene ta ba. Gidanmu ba a ba babba rabin ƙoƙo. Tun da niz zo ban ga ƙahwarki gidanga ba, nic ce lalle da dalili, yau kau nig ga dalilin da idona. Rowa ta, amma ƙuruciya ta, za ta bari. Ki riƙe mini ita, ni nesa nike."

Na so ƙasa ta tsage in shige.

Ammati ta daɗe tana kallon Inna. Sannan, ba tare da ta waiwaya ba, ta ce wa 'yarta, "Zauna." Yarinyar ta buɗe baki, Ammati ta sake cewa, "Khalas, ya isa. Zauna." Ta ɗaga finjalin a hankali don kada ya zube, ta ce, "Amin, ya Hajiya. Barkanmu da Sallah." Ta kai baki ta sha, kurɓi bayan kurɓi, da zafinsa, har ta ga gindinsa.

Na matso da sauri in karɓa. Ta kauce wa hannuna, ta miƙa wa Inna.

"Ƙara mini."

Inna ta sake cika shi fal, ta harare ni ta gefen ido, irin hararar da ke cewa kin gani ko.

Sun zauna har aka kira azahar. Ammati ta ci dibyazata, ta ce sukari ya yi yawa. Ban ji haushi ba, don wannan ne karo na farko da ta ga wani abu nawa ya isa ta kushe.

Da za su tafi ina kicin ina tattara finjalai, sai na ji mutum a bayana. Ita ce. Ta buɗe famfo ta tara yatsunta a ƙarƙashin ruwan, na ga sun yi ja. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, da Hausa zalla, Hausar da ban san tana da ita ba.

"Uwata ma haka take cikawa. Ina budurwa, ranar Idi irin ta yau, muna da baƙi Larabawa, na karɓe dallar daga hannunta na ce ta kunyata mu. Har ta rasu ba ta sake taɓa dalla ba."

Ta rufe famfon, ta goge hannu da gefen mayafinta.

"Kada ki gaya wa taki, ya binti."

Ya binti, wato 'yata. Ban gaya wa Inna ba. Sauran kwanakin da Inna ta yi a wurinmu, duk wanda ya shigo yawon Sallah ita take zuba masa, kuma har baki take cikawa. Wasu su dube ni, in dube su, ba mai cewa uffan.

Ranar da za ta koma gida muka raka ta tashar motocin da ke kai mutane filin jirgi. Ta riga ta sa ƙafa a matakalar motar, sai ta sauko ta kama hannuna, ta ce ta gyara mini tsakanina da surukata, saura ya rage nawa, in daina rowar nan don Allah.

Na ce, "To, Inna."