Saran Farko na Yayana

Shekarun baya masu nisa, tun Turawa na mulkin ƙasar nan, yayana ya komo daga asibitin kutare na 'yan Mishan, bayan doguwar jinya. Cutar ta mutu, an sallame shi, amma ta riga ta cinye yatsun hannuwansa, matarsa kuma ta daɗe da komawa gidansu. Da ya iso ƙauyenmu a ƙasar Tudun Wada, bai yarda ya shiga gida ba. Ya kafa bukka a bayan danga ya zauna. Ko ranar Lahadi, sa'ad da mu 'yan gidajen Kirista muke taruwa sujada a gindin ɗorawa, daga nesa yake saurare.

To, al'adar gidanmu ce, idan ruwan shuka ya sauka, babban ɗa ke yin saran farko da sungumi kafin kowa ya jefa iri. Tun rasuwar mahaifinmu yayana ke yi, da ya tafi jinya na riƙe. Har na saba da gyaran murya a bakin gona kamar wani dattijo, alhali gemuna bai kai a kama ba.

Ruwa ya sauka, na saɓa sungumi, sai mahaifiyata ta ƙi fito da irin dawa. Ta ce mai saran yana nan da ransa, ba za a tsallake shi ba. Na je na roƙe shi, ya ce in yi kawai, shi kam an gama da shi. Maƙwabta suka shuke gonakinsu, tamu tana kwance, damshi yana tafiya, abincin shekara yana bin sa.

Yayana ɗan fari ne, saboda haka tun da na yi wayo ban taɓa jin mahaifiyata ta ambaci sunansa ba, balle ta zauna kusa da shi. Amma da safen nan ta karɓi sungumin daga hannuna, ta zaga bayan danga, ina biye. Ta durƙusa a gabansa, ta yage bakin zanenta, ta kama dungulmin hannuwan nan ta shiga ɗaure su a jikin ƙotar.

Ya ce, "Inna, ki bari. Me ya rage a hannun nan?"

Ta ce, "Ubangiji bai tashe ka daga ciwon nan domin ka zauna a bayan danga ba. Abin da ya rage, da shi zai yi aiki." Sa'an nan ta kira shi da sunansa, ta ce ya tashi.

Ya tashi. Saran ya fita a karkace, wani rami zurfi, wani da ƙyar ya huda ƙasa. Yana tafe hawaye na zuba, ina bayansa ina jefa iri ina rufewa da diddige. Da la'asar ya shigo gida ta ƙofa, muka sa hannu a akushi ɗaya.

Yatsun nan ba su sake tsirowa ba har ya koma ga Mahaliccinsa. A dā na ɗauka gyaran Allah shi ne ya mayar wa mutum duk abin da ya rasa. Yanzu da tsufa ya karɓe mini ƙarfi da gani, na fahimci Almasihu yakan karɓi mutum a yadda ya same shi, ya mai da shi mazauninsa. Da wannan begen nake tashi kowace safiya.