Ranar da na kai littafin lissafi cikin raga

Ɗazu jikana ya shigo da ƙwallo a hammata, littafi a aljihu, sai na tuna abin da ya same ni a Gummi.

Ni ne golan sakandarenmu, malamin lissafi kuma shi ne malamin wasanni. Da safe ya ce gobe jarrabawa, wanda ya faɗi ya bar ƙwallo. Da azahar ya ce wanda bai zo wasanmu na marece da 'yan Anka ba, zai sha bulala.

Sai na soke littafi a ƙugu na shiga raga.

Yaranmu suka tare a bakin ragar 'yan Anka, ni ko na jingina da ƙarfen raga ina karatu. Ban ankara ba sai ihu. Ashe ƙwallo ta wuce ta gefen ƙafata, ko sallama babu.

Malam ya taho yana huci: "Kai Sani, mi kaka yi?"

"Malam, aikinka na safe nika yi."

"To na marece fa, wa ka bar ma?"

Washegari lissafin ma ya kayar da ni. Ba raga, ba maki.

Jama'a ku raba mu: ni da Malam, wa ya cuci wani?