Ramar da Maikuɗi Ya Shuka a Ƙuba

Ban taɓa ganin mai zargi irin Maikuɗi ba. Ka yi masa sallama, sai ya leƙa bayanka tukuna ya amsa. Mutumin Maraɗi ne, yana ban ruwa a wata tsohuwar gonar dabino a Ƙuba, gefen Madina, ni kuwa bango ɗaya ya raba ɗakina da na matarsa Ƙaltume.

Ba a banza yake ɗari-ɗari ba. Iƙamarsa, takardar zaman ƙasa, a hannun mai gonar take, kuma albarkacinta Ƙaltume ke ganin likita. Ciwon daji ne ya kama ta a nono, ana ɗura mata maganin da suke ce wa kimawi. Ya zubar mata da gashi, ya kashe mata baki. Shinkafa, nama, har dabinon ajwa, ƙamshi kawai za ta ji sai amai. Abu ɗaya ke zama a cikinta, kwaɗon rama.

Sai Maikuɗi ya sa wata hajiya ta taho masa da iri daga gida, ya shuka a bayan rijiya. Kai, ramar nan ta yi kyau! Ni ke dafawa in kwaɗa da ƙuli-ƙuli, Ƙaltume ta cinye har ta lashe yatsa. To amma ganyen rama a rarrabe yake kamar yatsun hannu, tamkar na wiwi, kuma yaran da aka haifa a Madina ba su san ta ba.

Wata rana Suhaib, ɗan mai gonar, ya zo hutu daga Turai inda yake karatun haɗa magunguna. Jikan Hausawa ne, yana jin Hausa amma da Larabci yake mayarwa. Ya tsaya kan shukar ya daɗe, sannan ya rage murya.

"Ya ammi, kada ka ji tsoro, ba zan gaya wa kowa ba. A can likitoci na bincike a kan wiwi. Suna gwada ta ga masu shan kimawi, ko za ta tsayar da amai ta buɗe musu ci."

"Rama ce," in ji Maikuɗi.

"Ɗayyib, to, rama ce," Suhaib ya ce yana murmushi, har da dafa masa kafaɗa.

Wannan murmushin shi ya ɓata komai. Maikuɗi ya faɗo ɗakina.

"Hajo, turo shi aka yi! A ƙasar da ake sare kai kan irin wannan, wa zai ce maka magani ce in ba tarko yake ɗana maka ba?"

Gaskiya ni ma zancen bai kwanta mini ba. Abin da ke haukata 'yan tasha a gida, shi ne yau magani? Duk da haka na ce, "Haba Malam, ka kai wa uban yaron ganye ɗaya mana ya gani."

"Uban ma ai a nan aka haife shi. In aka kore ni, wa zai kai Ƙaltume asibiti?"

A ranar, da azahar, ya tuge ramar kaf, ya cinna mata wuta. Na zage shi tas, wallahi, har yau in na tuna raina ɓaci yake. Ƙaltume kuwa, ce mata ya yi gishirin ruwa ne ya kashe shukar. Na gwada mata zogale, na gwada lalo, duk suka dawo. Muka aika gida a kawo busasshiya da alhazai, amma kafin jirgin farko ya sauka mun kai ta maƙabartar Baƙi'a.

Ba ɗan sandan da ya taɓa zuwa gonar. Suhaib ya zo ta'aziyya da hawaye a idonsa, Maikuɗi ko ɗaga kai bai yi ba. Shekaru suka wuce, yaron ya buɗe kantin magani a unguwar Anbariyya, tsohon kuwa in zai wuce ta nan sai ya tsallaka titi.

Bara ya zo ƙofata, ya tsufa ainun. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu kamar yadda ya saba.

"Hajo, abin nan da yaron ya faɗa. Kina jin da gaske yana sa mara lafiya cin abinci?"

Na ce ban sani ba, an dai ce suna bincike.

Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin Ƙaltume.

"Da na yarda da shi," ya ce, "da na tambaye shi inda ake samun irin wiwin."