Yadda Na Kare Ɗan Siyasarmu Har Kawuna Ya Rasa Gidansa

Assalamu alaikum edita da masu karatu. A shekarun da zan ba da labarinsu, ni saurayi ne haifaffen Zongon Lome, ban daɗe da gama jami'a ba, ina aiki a wani ƙaramin ofishin fitar da kaya daga tashar jirgin ruwa. Kakannina daga Najeriya suka zo, amma ni da Faransanci na yi karatuna tun daga ajin farko. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, ƙanin mahaifiyata ne ya riƙe ni, da guminsa na tuƙi ya kai ni inda na kai. Ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Lome da Yamai, sai da idonsa ya fara rauni sannan ya ajiye. A unguwa an san ni da taka-tsantsan. Ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai na sake duba agogo kafin in faɗa. A zuciyata ina ganin wannan hali ya sa na fi ƙarfin son zuciya. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma inda ban tabbata ba zan ce ban tabbata ba.

Muna da majalisa a gaban wani mai shayi, bayan la'asar ake haɗuwa. Yawancin dattawanmu suna jin yaren Mina kamar 'yan ƙasa, suna ciniki da Faransancin kasuwa, amma jarida da sanarwar hukuma sai an karanta musu. Wannan aiki a kaina ya faɗa. Ina karantawa in mayar da Hausa, daga baya da aka buɗe guruf na waya sai na riƙa ɗaukar muryata ina turawa, mata a cikin gida ma su saurara suna girki. Saboda yawan cewa da nake yi an ce, ko ba a tabbatar ba, sai suka laƙaba mini Misiye An-Ce, wato Malam An-Ce da Faransanci. Suna tsokanata da shi, amma sun yarda da ni. Idan gardama ta yi zafi, wani zai ce a jira Misiye ya taso daga aiki, abin da ya faɗa shi ne.

Da zaɓen gunduma ya matso, wani Alhaji ɗan Zongo ya tsaya takara. Dole in yi masa adalci a nan. Shi ya yi ta kai da komowa har aka ƙara wa Musulmi filin maƙabarta, kuma idan an kama ɗan unguwa kan takardar shaida shi ake bugawa waya. Ni kaina da bakinsa na samu wurin koyon aiki kafin a ɗauke ni. Mu da ake yi wa kallon baƙi a garin da aka binne cibiyarmu, ganin namu a kujera ba ƙaramin abu ba ne. Abokin karawarsa na ɗaya jam'iyyar ne, kuma babban mai kare shi a majalisarmu abokina ne na ƙuruciya, malami a wata makarantar kuɗi a Agbalepedo. Kullum shi da dattawa suna kacaniya. Su ce masa ɗan gidan wasu, shi ya ce musu 'yan amshin shata, sannan a zuba masa shayi a ci gaba.

Wata rana jarida ta kawo zargin cewa ɗan takarar da abokina ke karewa ya raba wa danginsa rumfunan wata kasuwa lokacin da yake riƙe da wani muƙami. A ranar na ɗauki murya. Na tuna yadda na ji daɗin yin ta. Ban ce an ce ba ko sau ɗaya. Na ce ya raba, na ce ya ci amana, har na ƙara da tambayar wanda ya yi haka da rumfa me zai yi da gunduma. Muryar ta zaga Zongo, har 'yan canji na Kodjoviakope aka ce sun ji ta. Abokina ya zo majalisa yana cewa zargi ne kawai, babu kotun da ta yanke, maƙiya ne suka biya 'yan jarida. Muka yi masa dariya. Wani dattijo ya ce masa malam, kai ma an ba ka rumfa ne ko layi kake bi.

Ba a daɗe ba wannan jarida dai ta kawo labarin namu. Ta ce wasu filaye da ake yankawa a bakin fadama, arewa da unguwa, wuri ne da hukuma ta keɓe don ruwan damina ya samu inda zai kwanta, kuma yaran Alhaji ne ke sayarwa da sunansa. Na karanta. A ofis na tambayi wani abokin aiki da yayansa mai awon fili ne, ya ce shi ma ya taɓa jin haka, kuma da shi ne ba zai sa ƙwandalarsa a wurin ba. Na kwana biyu ban tura murya a kai ba. Da aka matsa mini a guruf, sai na ɗauki murya mai sanyi, na ce wata jarida ta yi wani rubutu, ba a tabbatar ba, babu kotun da ta yanke, lokacin zaɓe ne kowa ya san yadda ake yi. Ban faɗi wane wuri ba ne, ban faɗi maganar ruwa ba. Ban yi ƙarya ko ɗaya ba a cikin muryar nan, kuma da wannan na riƙa kwantar wa kaina hankali. Abokina ya tare ni ya ce lallai Misiye An-Ce ya dawo daga hutu, ina ya shiga ranar maganar rumfuna. Na ce masa shi ma kalmomin da ya kare nasa da su ne na ara. Ya ce to ai shi ba a taɓa cewa a jira shi ya taso daga aiki ba. Na ɗauki maganar a matsayin zolaya.

Alhaji ya ci zaɓe. Bayan haka kawuna ya kira ni ɗakinsa wata Juma'a da muka dawo daga masallaci. Tun tasowata a gidan haya muke, ɗaki biyu da banɗaki na kowa da kowa. Ya ce ya sayar da kasonsa na motar, yana so ya gina inda zai ƙarasa kwanansa ba tare da mai gida ya buga masa ƙofa ba. Ya ce yaran Alhaji sun nuna masa fili a bakin fadama, da sauƙi, kuma sun ce takarda za ta fito tunda nasu ne a kujera. Sai ya ce da ni, ɗan nan, kai kake karanta abin da suke rubutawa, ya ji ƙishin-ƙishin wata magana kwanaki, in faɗa masa tsakanina da Allah ko mutumin nan abin yarda ne. Na san abin da na karanta, na san abin da abokin aikina ya ce. Amma na tuna da muryar da na riga na tura, na tuna da bakin da aka sa mini a wurin aiki, na tuna yadda abokina zai yi dariya idan ya ji na hana kawuna saye. Na ce Kawu, maganar ba a tabbatar da ita ba, amma dai a bi a hankali. Ya ce ai shi ma a hankali yake bin komai, tunda ba a tabbatar ba shi ke nan. Ya shafa fatiha. A ganina a lokacin na yi gargaɗi. Yanzu na gane cewa wanda ya yarda da kai, idan ya yi maka tambaya irin wannan ka ce a bi a hankali, izini ka ba shi.

Ya yi ginin ɗaki uku da ɗan tsakar gida. Kullum yana can zaune a kan bulo yana yi wa magina surutu, yana ba su labarin hanyar Dapaong. Ya dasa bishiyar mangwaro tun kafin a sa rufi. Ni na riƙa kai masa abinci a kan zemijan, wato babur ɗin haya, ina kallon ƙasar wurin baƙa mai laushi, ina ce wa kaina ai ga wasu ma suna gini. Damina ta farko ruwa ya shiga har gwiwa, muka kwashe da bokiti, aka ce shekarar ce ta zo da yawa. Kafin ta biyu ma'aikata suka zo suka shafa jan fenti, alamar rusau, a jikin katangun layin gaba ɗaya. Kawu ya je wurin Alhaji, aka ce ya yi tafiya. Ya koma, Alhaji ya karɓe shi da mutunci, ya ce shi bai taɓa sayar wa kowa fili ba, yara ne suka yi amfani da sunansa, zai duba. Ban san gaskiyar wannan ba har yau, kuma ba zan ce na sani ba. Abin da na sani shi ne wata safiya motar rusau ta zo, aka ba mutane lokaci su fitar da kaya. Kawu ya tsaya riƙe da buta da dardumarsa har aka gama. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Ya ce mini kawai in nemo wanda zai ciro ƙofofin ƙarfen, ko za su yi wani amfani.

A majalisa kuwa gardama ta koma inda take. Namu suka ce makirci ne na ɗaya ɓangaren don a kunyata ɗan Zongo. Abokina da mutanensa suka ce ai sun faɗa, alhali a makon nan ma wata sabuwar magana ta fito a kan nasu suna cewa sharri ne. Wasu suka same ni suka ce in ɗauki murya in wanke Alhaji, jama'a na jin maganata. Na ce ba zan iya ba. Ban kuma yi jarumtar fitowa in faɗi abin da na ɓoye ba, na dai daina tura murya gaba ɗaya. Aka ce an saye ni, aka ce tsoro ne. Na biyun ya fi kusa da gaskiya.

Kawu ya dawo gidan haya, wannan karon ɗaki ɗaya, ni na koma wurin wani aboki a Tokoin. Na yi watanni ina zuwa gaishe shi da maganar a bakina ina komawa da ita. Ranar da na faɗa masa yana zaune yana gyara igiyar rediyonsa. Na ce Kawu, lokacin da ka tambaye ni na riga na karanta cewa wurin hanyar ruwa ne, kuma wani ya ce mini da shi ne ba zai saya ba. Ya ajiye rediyon. Sannan ya ce shi bai yi mamakin Alhaji ba, ya yi tuƙi ya ga mutane iri-iri. Ya ce tambaya ɗaya zai yi mini: da a ce yaran wancan mutumin ne, na ɗaya jam'iyyar, suka nuna masa wannan fili, me zan ce masa ranar? Mu biyun mun san amsa. Da na hana shi tun kafin ya rufe baki. Ya ce to, Allah ya kiyaye gaba, in tashi in kawo masa ruwan alwala. Bai sake tayar da maganar ba, bai canza mini fuska ba, yana cin abincin da na kawo yana sa mini albarka. Da ya yi faɗa ina jin da ya fi mini sauƙi.

Abin da na koya ba wai kada a so ɗan siyasa ba ne, ko kada a yi alfahari da namu. Har yanzu ban iya cewa Alhaji mutumin banza ne, ban kuma iya cewa mai gaskiya ne. Abin da na gane shi ne taka-tsantsan ɗin da nake taƙama da shi yana da ɓangare. Idan zargi ya faɗa kan wanda ba na so, jarida ta ishe ni hujja. Idan ya faɗa kan nawa, sai na nemi kotu da shaidu. Ina roƙon masu karatu, musamman 'yan'uwana da suka yi boko waɗanda iyaye ke tambaya me aka rubuta, ku faɗi duk abin da kuka karanta, da wanda ya yi muku daɗi da wanda bai yi ba, ku bar mai tambaya ya yanke da kansa. Kafin ku kare wani, ku ɗora laifin a kan abokin hamayyarsa a zuciyarku ku ji ko bakinku zai faɗi abu ɗaya. Gardamar majalisa tana ƙarewa da an kira magariba, kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi. Wanda ya ɗauki maganarku ya yi aiki da ita shi ake bari da sakamakon. Alhaji yana nan a gidansa, abokina yana nan yana gardama, ni ina nan a ofishina. Kawuna, wanda bai taɓa ɗaga murya a kan siyasa ba, shi ne ke kwana a ɗakin haya da tsufansa. Ina neman addu'arku Allah ya ba ni ikon gina masa ko ɗaki ɗaya ne a kan ƙasa mai tsabta tun yana da rai.