Ranar da Na Ci Zabon Shugaba

Har gobe ban manta da Larabar da aka fara tura ni wakilci ba. Lokacin ina ƙaramin malamin dabbobi a Illela. A ƙa'idar aikinmu, kafin a yi wa shanu allurar rigakafi sai an zauna da Arɗo, wato shugaban makiyaya, ya sa rana. In bai sa ba, ko maraƙi ba za ka taɓa ba. Ran nan shugabanmu, babban likitan dabbobi, ya ce kansa na ciwo, in je wata ruga bayan Lafani in wakilce shi. Na hau babur ina hura hanci.

Aka shimfiɗa mini darduma, aka kawo fura da kindirmo, ga soyayyen zabo sukutum. Na ci har gumi ya karyo mini.

Sai Arɗo ya gyara zama ya ce, "Kai na wakilin likita?"

Na ce ni ne.

"To saurara. Bara ya sa munka tara shanu tun hantsi har la'asar, ba kiwo ba ruwa. Bai zo ba, bai aiko ba. Bana ba mu tarawa."

Ciwon huhun shanu na yawo a ƙetaren iyaka, garken nan kuwa can yake kiwo. Na ce, "Allah ya ba ka nasara, ai ba ni ba ne."

Limamin rugar, wani tsoho mai barkwanci, ya dube ni. "Mi kac ce? Malam, kalmag ga wakili Larabci ta, 'yar ɗaki guda da tawakkali. Wanda anka danƙa ma lamari ɗungum, shi na wakili. Ɗan aike shi ka kai saƙo shi koma. Da anka kawo zabo, mi ya hana ka ce ba kai na ba?"

Wuri ya kaure da dariya. Kunya ta kama ni ƙwarai. Na sauka daga dardumar, na durƙusa na ce, "Arɗo, bara na yi laifi. A gafarce ni."

Arɗo ya yi murmushi. "Yanzu likita yaz zo. Asabar."

Asabar ɗin tun da sassafe na isa, muka yi wa garken allura kaf.

Ku da kuke shigowa aikin nan, ku sani makiyayi ba ruwansa da wa ya yi sakaci a ofis. So yake ya ga mutum guda a gabansa da zai ce laifin nawa ne. Wanda bakinsa ba zai iya faɗin haka ba, in an ce ya je wakilci, shi ma ya ce kansa na ciwo.